Yadda ake furta kalmar "comfortable": amsoshin tambayoyin da masu koyon Turanci suka fi yi mini

Ina koyar da Turanci a wata sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, a Jihar Jigawa. Bayan sallar isha kuma wasu samari da magidanta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana mu ɗan taɓa karatu da fitilar sola. A wurare biyun nan, babu kalmar da ta kai *comfortable* jawo gardama. Tambayoyin da ake yi mini a kanta kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ya sa na tattara su wuri guda, har da amsoshin da nake bayarwa.

1. A taƙaice, yaya ake furta ta?

KAMF-ta-bul. Gaɓa uku. Ta farko ce ke ɗaukar ƙarfin murya duka, sauran biyun a bi ta kansu da sauri, kamar mai sauka daga tudu. "Ta" ɗin tsakiya gajere ne ƙwarai, "bul" ɗin ƙarshe kuma kusan babu wasali a cikinsa: leɓɓa su buɗe daga b, harshe ya riga ya hau kan l.

Abin da aka fi ji a wurinmu shi ne "kwam-fo-TE-bul". Kuskure uku ne a dunƙule: an canza wasalin farko, an kai ƙarfin murya inda ba wurinsa ba, an kuma mayar da ƙarshen kalmar tebur. Amsoshi na 3, 5 da 6 sun ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

2. Me take nufi, kuma a ina ake amfani da ita?

Sifa ce, kuma ba ta da fassara guda ɗaya a Hausa. Idan an ce *a comfortable chair*, kujera ce mai daɗin zama. Idan takalmi ne ko riga, wanda ya zauna a jiki daidai ne, bai matse ba, bai yi ɓagwam ba. Idan ma'aikaciyar jinya ta tambayi mara lafiya *Are you comfortable?*, tana nufin ko kwanciyar ta yi masa, babu abin da ke takura shi. *I am not comfortable with it* kuwa shi ne "hankalina bai kwanta da abin ba". Ana ma faɗinta ga mutumin da ke da rufin asiri, wanda ba attajiri ba ne amma ba ya neman na cefane a wurin kowa.

Kada a haɗa ta da *convenient*. Lokacin da ya dace da kai, ko hanyar da ta fi maka sauƙi, *convenient* ne. Katifa ce *comfortable*.

3. An rubuta "com". Me ya sa za a ce "kam"?

Saboda Turanci ba Hausa ba ne wajen rubutu. Mu abin da muka rubuta shi muke faɗa, wasulanmu biyar, kowanne da gajere da dogo. Turanci kuwa harafi ɗaya kan ɗauki sauti uku ko huɗu, kuma akwai tarin kalmomi da ake rubuta o amma a furta wani sauti mai kama da gajeren a na Hausa, irin na cikin "dam" ko "tsaf". Ga su nan muna amfani da su kullum: *come, some, love, money, mother, son, Monday, nothing*. Kowa na cewa "kam" idan ya zo kan *come*. To farkon *comfortable* shi ne *come* ɗin nan, babu bambanci ko kaɗan.

Hujjar da na fi so ina ba ɗalibai ita ce kalmar "kamfani". Daga *company* muka aro ta. Kakanninmu da suka fara jin ta a bakin Turawan ciniki a Kano ba su ga rubutunta ba, da kunne suka kama, kuma suka kama daidai: kam, ba kwam ba. Mu da muka shiga aji muka ga harafin o ne muka ɓata abin. Don haka duk wanda ya rikice, ya ce "kamfani", ya yanke "ani", ya riƙe abin da ya rage. Ya samu gaɓar farko ke nan, sai ɗan gyaran f da na yi bayani a amsa ta 7.

"Kwam" ɗin da ke zuwa bakinmu ba daga sama ya faɗo ba. Mun saba da kwamfuta, kwamiti, kwamishina, kwamanda, sai harshe ya ɗauka duk "com" hanyarsu ɗaya. A nan ba haka ba ne.

4. To ina "or" ɗin tsakiya ya shiga? Gaɓa uku ce ko huɗu?

Duka biyun suna cikin ƙamus. Akwai KAMF-ta-bul mai gaɓa uku, wadda aka fi ji a maganar yau da kullum, akwai kuma KAM-fa-ta-bul mai huɗu, wadda ake ji idan mutum na magana a tsanake. A ta biyun ma ba "fo" ake cewa ba, ɗan gajeren "fa" ne mara ƙarfi, kamar an taɓa shi an wuce.

Dalilin ɓacewarsa shi ne, a Turanci gaɓar da ke bin mai ƙarfi takan raunana, wani lokaci har ta narke gaba ɗaya. Haruffa 11 ne a kalmar, amma ba duka baki ke biya ba. Rubutun ya riƙe tarihi ne kawai: kalmar ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, asalinta kuma Latin ne, daga *fortis*, wato mai ƙarfi. Ma'anarta ta farko ƙarfafa wa mutum gwiwa ce, kafin ta koma jin daɗin jiki.

Shawarata ga mai farawa: ya soma da mai gaɓa huɗu idan ta fi masa sauƙi. Ba kuskure ba ce. In baki ya saba, da kansa zai haɗiye ta biyun.

5. Me ya sa ba a cewa "tebul" a ƙarshe, alhali ga *table* nan a rubuce ƙiri-ƙiri?

Ido ne ke yaudararmu. Babu tebur a cikin kalmar. Gininta *comfort* ne aka liƙa masa ɗafa-ƙeya *-able*, sai t na ƙarshen *comfort* ya zo ya jingina da shi, abin ya yi kama da *table*. Wannan ɗafa-ƙeyar kuwa ba ta ɗaukar ƙarfin murya, kullum "a-bul" ce mai rauni: *suitable* SU-ta-bul, *valuable*, *reasonable*, *portable*. Wanda ya ce "kwam-fo-TE-bul", mai sauraron da bai saba da mu ba zai iya jin kamar an ce *come for table*, ya tsaya yana neman teburin.

A kula kuma da harafin ƙarshe. Hausa ta saba mayar da l na ƙarshen kalmomin aro zuwa r, shi ya sa muke da tebur, fensir da kyandir. Wannan daidai ne a Hausa. A Turanci dai a bar l ɗin a wurinsa, kan harshe ya taɓa bayan haƙoran sama ya tsaya can.

6. Mene ne wannan "ƙarfin murya" da kake ta maimaitawa? Ba shi ne karin sauti ba?

A'a, sun bambanta, kuma a ganina nan ne gaba ɗaya matsalar take. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da nata matsayi, sama ko ƙasa ko faɗuwa, kuma kowacce ana ba ta haƙƙinta. Da karin sauti muke raba kukan yaro da kukar miya. Turanci ba ya aiki haka. A kowace kalma yana zaɓar gaɓa ɗaya ya naɗa ta sarauta: ta fi tsawo, ta fi ƙara, ta fi fitowa fili. Sauran su zama fadawa, su rage murya, wasulansu su shafe. Har ma'ana yakan canza da wannan: PRE-sent kyauta ce, pre-SENT kuwa gabatarwa.

Mu da muka taso da Hausa mukan ba kowace gaɓar Turanci cikakken wasalinta, don haka muke ganin adalci ne. Shi ya sa Turancinmu kan fito daram-dam, gaɓa bayan gaɓa. A aji nakan sa yara su buga benci: bugu ɗaya mai ƙarfi da tafin hannu, sai biyu marasa ƙarfi da 'yan yatsu. DAM-da-dam. Sai mun yi kiɗan nan kamar sau goma babu magana, sannan in ce a ɗora kalmar a kai. Wanda hannunsa ya kama, bakinsa ba ya daɗewa.

Idan mutum zai gyara abu ɗaya tak a wannan kalmar, to ya gyara wannan. Wanda ya sa ƙarfi a gaɓar farko za a gane shi ko da f ɗinsa na Hausa ne. Wanda ya kai shi kan "te" kuwa, ko sauran sautukan sun yi kyau, sai an ce ya maimaita.

7. An ce f ɗinmu ba irin na Turanci ba ne. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Bahaushen Kano da Jigawa da leɓɓa biyu yake yin f, kamar mai hura wuta, wani lokaci ma ya fito kusa da p. Can wajen Katsina da Sakkwato sai ka ji ya koma "hw", a ce "hwara" maimakon "fara". F na Turanci kuwa haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta fita ta tsakaninsu. Rashin raba waɗannan ne ke sa *fan* da *pan*, ko *full* da *pull*, su cakuɗe mana.

Amma ga abin farin ciki: duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya riga ya mallaki wannan sautin. Mafitar harafin fa na Larabci ita ce cikin leɓen ƙasa tare da kan haƙoran gaba na sama. Shi ne f na Turanci sak. Wata ɗalibata 'yar aji biyar, wadda ta yi saukar Alƙur'ani a Islamiyyar garinmu, ta yi mako biyu tana fama, kullum "kamp" ke fita. Ran nan na ce mata, "Ke, yaya Malam ya koya miki harafin fa a tajwidi?" Ta yi shiru, ta ciro ɗan madubin da ke cikin jakarta, ta ɗora haƙora a leɓe tana kallo, ta ce "kamf". Ta ɗago ta ce, "Malam, ashe dama ina da shi."

Bambanci ɗaya da masu tajwidi za su lura da shi: a karatu ana gargaɗin a bayyana mimun mai ɗauri idan fa ta biyo ta, kada a ɓoye. A Turanci babu wannan takurar. M ɗin kan zame ya shiga f, har ana iya yin su biyun haƙora na kan leɓe.

8. Bakina ya ƙi haɗa m, f da t a jere. Sai na ji wasali ya kutso. Yaya zan yi?

Ba laifin bakinka ba ne, tsarin Hausa ne. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Babu gaɓar da ke ƙarewa da baƙaƙe biyu. Shi ya sa idan muka aro kalma mukan saƙa mata wasula ta zauna: *bread* ta zama burodi, *brush* ta zama buroshi. "Kamf" ta karya wannan doka, sai harshe ya nemi ceto ya ce "kamfu" ko "kamfi".

A nan ma makarantar allo ta riga ta yi mana rabin aiki. Idan mai karatu ya tsaya a kan "wal asr" ko "wal fajr", baƙaƙe biyu yake haɗawa babu wasali, kuma ba ya jin wahala. Yi haka: ka ce "kam", ka rufe baki, ka saki iska "fff" mai tsawo, ka tsaya. Sannan ka ce "ta-bul" daban. Kamfff, ta-bul. Kullum ka riƙa rage tsawon iskar da tazarar da ke tsakani har su haɗe. Wata dabarar ita ce farawa daga baya: bul, ta-bul, f-ta-bul, kamf-ta-bul. In duk ya faskara, koma kan mai gaɓa huɗu da ke amsa ta 4.

9. Na ji wani a fim yana cewa "kamf-tar-bul". Shi ma daidai ne?

Daidai ne, lafazin Amurka ne. Yawancin mutanen Ingila ba sa furta r sai in wasali na biye da shi, Amurkawa kuwa suna furtawa. Abin mamaki a wannan kalmar, r ɗin ya tsallake t ya koma bayansa a bakinsu, ko da yake a rubuce yana gaba. Makarantunmu da jarrabawarmu tsarin Ingila suke bi, don haka ɗalibi ya riƙe KAMF-ta-bul. Duk inda aka je dai, ƙarfin na kan gaɓar farko.

10. Yaya take fitowa a jarrabawa?

A jarrabawar WAEC, takarda ta uku ta Turanci ita ce ta sautuka, tambayoyi 60 na zaɓi cikin minti 45, kuma a rubuce ake amsawa, ba a sa ɗalibi ya buɗe baki. NECO da JAMB ma suna tambaya a kan sautuka. Hanya biyu irin wannan kalma kan zo. Ta farko, a rubuta ta sau huɗu, kowane sau an manyanta haruffan gaɓa daban, a ce zaɓi inda ƙarfin yake. Amsa ita ce wadda aka manyanta COM. Ta biyu, a ja layi ƙarƙashin o na farko a ce nemo kalmar da ke da sauti irinsa. A nan *cup, love, young, blood* su ne 'yan uwanta. *Comb, common* da *coat* tarko ne, an sa su ne don mai bin ido.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, tunda ba a sauraron bakin yaro, da yawa sukan haddace amsar su ci, su fito suna cewa "kwamfotebul" kamar da.

11. Na duba ƙamus na ga wasu alamomi kamar /ˈkʌmftəbl/. Yaya ake karanta su?

Uku kawai kake buƙata a nan. Ɗan tsinken da ke sama kafin k yana nuna gaɓar da ke biye ita ce mai ƙarfi. Alamar ʌ, mai kama da v a kife, ita ce wasalin *come* da aka yi bayani a amsa ta 3. Alamar ə, mai kama da e a juye, ita ce wasalin nan mara ƙarfi da ya fi kowane yawa a Turanci, wanda baki ke yi ba tare da ya motsa sosai ba. Sauran haruffan yadda ka san su haka suke. Lura cewa babu o ko ɗaya, babu r, babu kuma wasali tsakanin b da l.

12. A ƙauyenmu sabis sai an hau tudu, kuma babu wanda zai gyara mini. Ta yaya zan yi atisaye?

Ranar da ka shiga gari ko ka samu sabis mai kyau, buɗe ƙamus na intanet irin na Cambridge ko Oxford, akwai ɗan hoton lasifika kusa da kowace kalma, ɗaya na Ingila ɗaya na Amurka. Kunna, ka naɗi sautin da wayar abokinka, ya tura maka. Daga nan ba ka buƙatar data. Saurara sau uku, naɗi muryarka, ka jera su ka ji. Kunne ya fi kama kuskure a muryar da aka naɗa fiye da lokacin da kake cikin magana.

Kada ka tsaya kan kalmar ita kaɗai. Saka ta a jimlar da za ka iya faɗa da gaske: *This cap is comfortable. The bus was not comfortable.* Akwai wani tela a cikin masu zuwa karatun dare, shi ya nuna mini amfanin wannan. Ya ɗinka wa wani ɗan bautar ƙasa kaftani, mutumin ya gwada, ya ɗaga hannu, ya taɓa hammata ya ce wani abu da sauri. Telan ya san kalmar a rubuce sarai, amma bai gane ta ba da ya ji, don a kansa "kwamfotebul" ce. Ya ɗauka yabo ne, ya ce na gode. Sai da yaron shagonsa ya ce, "Maigida, cewa yake ta matse shi." Tun ranar, duk wanda ya gwada ɗinki a shagon, ko Bahaushe ne, sai ya tambaye shi *Is it comfortable?*, wai don kada bakinsa ya manta.

13. Malaminmu "kwamfotebul" yake cewa. In na faɗa daban za a ce ina iyayi. Me zan yi?

Na san wannan damuwar, don ni ma haka aka koya mini, haka kuma na koyar har lokacin da na fita koyarwar gwaji. Malamar da ta zo duba ni ta zauna a bayan aji ba ta ce uffan ba. Sai da yara suka fita ta kira ni gefe, ta rubuta kalmar a bayan takardata, ta ja layi ƙarƙashin gaɓar farko, ta faɗe ta sau biyu a hankali. Ba ta kunyata ni ba, kuma har yau ina yi mata addu'a. Malaminka ba jahili ba ne. Abin da ya ji a bakin nasa malamin shi ya ba ka, a wurin da littafi ya fi mai magana da Turanci yawa. Kada ka gyara masa a gaban aji. Same shi a ofis da ƙamus a hannu, ka ce, "Malam, na ga wannan ne ban gane ba, a taimaka mini." Malami na gari zai karɓa.

Batun iyayi kuwa, ban ce kowa ya shaƙe murya ya koma Bature ba. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa, har babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominmu 29 a watan Janairun 2020, ciki har da Kannywood. Muryarka ta Bahaushe ba abin kunya ba ce, ka riƙe ta. Abin da nake nema shi ne in ka yi magana a gane ka, in an yi maka ka gane, ko a ɗakin ganawar neman aiki a Dutse ne ko a waya da wanda bai taɓa zuwa Arewa ba.

14. Sauran 'yan gidan kalmar fa?

Duk kan "kam" ƙarfin yake zama. *Comfort* KAM-fat ce. *Comfortably* KAMF-ta-bli. *Uncomfortable* an-KAMF-ta-bul, ɗafa-goshin *un-* ba ya ƙwace sarautar. *Discomfort* dis-KAM-fat. Wajen kwatanci *more comfortable* da *most comfortable* ake cewa, ba a liƙa mata *-er*. A hira ta sabo za ka ji ana gajarta ta zuwa *comfy*, KAM-fi, amma kada ka rubuta wannan a jarrabawa.

15. Akwai wasu kalmomin da ke haɗiye gaɓa irin haka?

Akwai, kuma wadda ta fi kama da ita ita ce *vegetable*: VEJ-ta-bul, ita ma babu tebur a cikinta. Sai *chocolate* CHOK-lat, *different* DIF-rant, *interesting* IN-tras-tin tare da ɗan sautin hanci a ƙarshe, *favourite* FEI-vrit, *Wednesday* WENZ-dei. Dabarar bugun benci ta amsa ta 6 tana aiki a kansu duka.

Sai dai kada a wuce gona da iri. *Table, stable, cable* da *unable* suna riƙe "ei" ɗinsu cikakke, domin a cikinsu *able* ba ɗafa-ƙeya ba ce, jikin kalmar ne. Ba kuma kowace mai *-able* ce ke ɗora ƙarfi a gaɓar farko ba: *available* a-VEI-la-bul ce, *acceptable* kuma ak-SEP-ta-bul. Idan sabuwa ta zo maka, nemi ɗan tsinken nan na amsa ta 11 kafin ka buɗe baki.